Fitilun atisaye masu "ƙara kaifin ƙwaƙwalwa": abin da na gani a fili

Masu ta tambayata a kan fitilun nan da suka gani yaranmu suna atisaye da su, ko su saya ko kar su saya, to ga amsar a gajarce: kayan ba laifi, suna aiki, yara na son su sosai, amma maganar da aka rubuta a jikin kwali cewa wai suna faɗaɗa ƙwaƙwalwar ɗan wasa har ya dinga yanke shawara cikin ƙiftawar ido a fili, ni dai ban ga wannan ba, kuma abin ya dame ni domin na san kociyoyin unguwa nawa ne za su tara kuɗin da babu su saya saboda wannan maganar kaɗai.

Ba zan kama sunan kamfani ba, irinsu sun cika kasuwar intanet kuma kusan duk ƙira ɗaya ce, kwali ne kawai ya bambanta. Namu guda shida ne, kowacce faɗinta bai wuce tafin hannu ba, roba ce mai kauri da fitila a tsakiya mai canza kala, ja, kore, shuɗi, ɗorawa. Ana haɗa su da waya ta Bluetooth, ka sauke manhajarsu, ka zaɓi irin atisayen da kake so, sai su fara kunnuwa ɗaya bayan ɗaya, yaro ya ruga ya taɓa da hannu ko ƙafa ta mutu wata ta kama, wayar kuma tana rubuta maka sakan nawa ya ɗauka. Wajen caji ana ɗora su ne a kan juna kamar faifai a kan mazauninsu, kuma pawa banki ma yana yi musu, wanda wannan babban abu ne a wajenmu tunda ba kullum ake kawo wuta ba. Batir ɗin gaskiya na yaba masa, caji ɗaya yana kai mu atisaye da yawa. Robar ma tana da juriya, an taka su da takalmin bal, an buge su da ƙwallo, sun sha faɗuwa a kan tsakuwa, ba wadda ta fashe.

Inda suke da rauni shi ne rana. Mu da la'asar muke fita, to kafin rana ta yi sanyi ja da ɗorawa kusan ba ka bambance su in ka ɗan yi nisa, dole sai mun ja su gindin katanga inda akwai inuwa. Lokacin hunturu kuma ƙura na kwanciya a saman gilashin sai ka ga yaro ya taɓa ba ta ji ba sai ya sake, ya zama sai da tsumma a aljihu. In ka baza su da nisa sosai ɗaya ko biyu sukan rabu da wayar, sai ka tsaya ka sake haɗawa yara na tsaye suna jira. Manhajar duk Turanci ce, kuma atisayen da suka fi armashi an kulle su sai ka biya kuɗin wata-wata da dala, wannan bai min daɗi ba ko kaɗan, ka sayi kaya da tsada sannan a ce ka ci gaba da biyan haya.

To yanzu ga asalin maganar. A cikin manhajar akwai wani sashe na horar da riƙe abu a ka, fitilun za su kama a jere, misali kore, ja, ja, shuɗi, sai su mutu, yaro ya bi ya taɓa su yadda suka zo, in ya ci a ƙara masa ɗaya. Yara sun mutu a kan wannan, har gasa suke yi tsakaninsu, kuma wallahi suna ƙaruwa, wanda da yake tsayawa a huɗu sai ka ga ya kai shida ko bakwai. Da farko abin burgewa ne. Amma ni da nake tsaye a gefen fili ranar wasa abin da nake nema daban ne, ina so in ga yaron da bal ta zo masa mutum biyu na kansa, ya san inda zai kai ta tun kafin ta iso. A nan ne ban ga canji ba.

Akwai wani yaro da nake sa wa a lamba takwas, shi ne sarkin fitila a cikinsu, ba mai kamo shi wajen riƙe jerin kaloli, kuma a makaranta ma an ce haka yake. Akwai kuma wani siriri da ke buga mana shida, wanda a wasan fitila kusan kullum shi ne a ƙasa, yana kaiwa biyar ya rikice ya tsaya yana dariya. Amma ka sa su a fili ka ga ikon Allah. Na farkon in bal ta zo sai ya tsayar da ita tukuna, ya ɗaga kai, ka ga laɓɓansa na motsi kamar mai lissafi, kafin ya gama an rufe shi an ƙwace. Siririn nan kuwa tun bal na ƙafar ɗan baya za ka ga ya waiga hagu, ya waiga dama, ya ɗan karkata jiki, tana zuwa taɓawa ɗaya ya tura ta tsakanin mutum biyu zuwa ga lamba sha ɗaya da ya riga ya fara gudu. Na taɓa tsayar da shi na ce kai ya aka yi ka san yana can? Ya ce min "Koci ai in na bakwai ɗinsu ya shigo ciki haka, kullum bayan nan a buɗe yake." Kullum ya ce fa. Yaron nan tun yana ƙanƙani yake buga bal a lungu da manya, ƙafa ba takalmi, gola duwatsu biyu, ya ga wannan tsayuwar sau ba adadi shi ya sa ba ya buƙatar tunani a kanta.

Wannan abin da na gani ba sabo ba ne, masana sun jima da gano shi, kuma ba a filin ƙwallo aka fara ba, a kan darar Turawa ne wato ces. Wani ɗan Holan mai suna Adriaan de Groot ya wallafa bincikensa a kai tun 1946, sannan a 1973 William Chase da Herbert Simon a Amurka suka yi gwajin da ya yi suna. Za a nuna wa mutum allon ces na sakan biyar kacal a rufe, a ce ya mayar da 'ya'yan yadda ya gan su. In tsayuwar daga wasa na gaske aka ɗauko ta, gwani yana mayar da wajen 16 daidai, ɗan koyo kuma wajen 4. Amma da aka watsa 'ya'yan barkatai yadda ba za su taɓa tsayawa a wasa ba, sai bambancin ya kusa ɓacewa, gwanin ya dawo kusan daidai da ɗan koyo. Kenan ba wai kansa ya fi na kowa ɗaukar kaya ba ne, a'a, ya tara dubban tsayuwa ne a ka, in ya kalli allo ba 'ya'ya 25 yake gani ba, ƙungiyoyi huɗu ko biyar yake gani waɗanda ya riga ya sani. Daga baya an maimaita irin gwajin da 'yan ƙwallon kwando da 'yan ƙwallon ƙafa aka samu abu iri ɗaya.

Yadda nake bayyana wa iyayen yara shi ne, akwai tafin hannu akwai rumbu. Abin da kake iya riƙewa a ka a lokaci guda tafin hannu ne, kuma ƙarami ne a wajen kowa, masani George Miller a 1956 ya ce wajen abu bakwai, wani masanin Nelson Cowan a 2001 ya ce ma wajen huɗu ne kawai. Rumbu kuwa shi ne duk abin da ka gani ka adana tsawon shekaru. Fitilun nan tafin hannu suke wa aiki, shi ma a kan kaloli kawai, alhali shawarar da ake yankewa a cikin rabin sakan daga rumbu ake ɗebo ta. Ba a zuba komai a rumbun ƙwallo ta hanyar taɓa ja da kore, domin fitila ba ta da kafaɗa da za ka karanta, ba ta karkata ƙugu, ba ta yi maka kamar za ta yi dama ta yi hagu.

Ku tuna gwajin da aka yi wa Cristiano Ronaldo a 2011, ana bugo masa kuros sai a kashe fitilun ɗakin gaba ɗaya bal na sama, cikin duhu ya ci, har da wanda aka kashe wutar daidai lokacin da mai bugowa ke taɓa bal ɗin, ɗan wasan da ba ƙwararre ba da aka gwada tare da shi kuwa ya kasa. Ba saurin ido ba ne tunda ba abin gani, jikin mai bugowa ya karanta, sauran kuma ya cike daga abin da ya tara. Ko LeBron James, ɗan ƙwallon kwandon Amurka, a 2018 bayan wasansu da Boston, ɗan jarida ya tambaye shi me ya faru a farkon zangon ƙarshe, ya zauna ya jero hare-haren ɗaya bayan ɗaya, wa ya ba wa, wa ya jefa, daga ina. Mutane suka yi ta mamaki, amma irin abin gwanin ces ɗin nan ne, wasan a wajensa labari ne mai ma'ana ba tarin motsi ba.

Sai kuma binciken da na fi so, na Joseph Johnson da Markus Raab a 2003 da 'yan ƙwallon hannu. Ana nuna musu bidiyon hari sai a tsayar da hoton, a ce faɗi abin da ya fara zuwa maka, sannan a ba su lokaci su kawo duk sauran dabarun da za su iya, a ƙarshe su zaɓi wadda ta fi. Aka tarar yawanci ta farkon nan ita ce mafi kyau, kuma duk sanda suka ƙara tono wasu, ingancin sai ya dinga raguwa. Amma a lura, wannan ga wanda ya san wasan ne. Yaron da bai tara komai ba abin da ya fara zuwa masa shi ne ya ɗaga ta sama ya huta.

Kar a ce na ce girman abin da mutum ke riƙewa a ka ba shi da amfani a wasa, yana da shi, kawai ba ta inda masu talla suke nunawa ba ne. Philip Furley da Daniel Memmert na jami'ar wasanni ta Kolon sun yi gwaji a 2012, suka ga 'yan ƙwallon kwando masu ƙarfin riƙe abu a ka sun fi iya toshe kunne daga surutun da ake sa musu su yanke shawarar da ta dace, sannan a 'yan hokin ƙanƙara suka ga masu ƙarancinsa in koci ya ba su umarni lokacin hutu sai su bi shi ido rufe ko da yanayin fili ya canza ya nuna wani abu daban. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, domin kowa ya san yadda gefen filinmu yake, koci na ihu, mataimaki na ihu, yayan yaro na bayan raga yana "buga! buga!", 'yan kallo na "yanke shi!", duk a kan yaro ɗan shekara sha uku. In ka cika masa kai da umarni biyar kafin a take wasa to ba sauran wurin da zai sa abin da idonsa ke gani. Ni yanzu abu ɗaya nake gaya wa kowane yaro kafin ya shiga, in ya yi yawa biyu, kuma in bal na ƙafarsa bakina a rufe yake. Wannan bai ci ko sisi ba kuma na ga tasirinsa fiye da na fitilun.

Shi kansa batun cewa wasan riƙe jeri yana ƙara kaifin ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, an yi ta bincike a kai kuma abin da ake yawan samu shi ne mutum yana ƙwarewa a wasan da ya yi ta yi da makamantansa, amma ba ya tsallakawa zuwa wasu fannonin rayuwa yadda ake zato. A 2016 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka sai da ta sa kamfanin da ke da Lumosity, manhajar wasannin horar da ƙwaƙwalwa, biyan dala miliyan 2 kan tallan da ya wuce abin da suke da hujja a kai. Don haka in ka ga kwali na maka irin wannan alkawarin ka ɗan ja baya. Wani zai ce ai manyan kulob na Turai suna amfani da fitilu, eh gaskiya ne, Borussia Dortmund tun 2012 suke da Footbonaut, ɗaki ne da injina ke harbo maka bal ta kowane ɓangare, taga ɗaya cikin 72 ta kama wuta ka tura ta can. Amma ka ga a nan da bal ta gaske ake yi, kana tarba kana juyawa kana bayarwa, kuma ƙari ne a kan atisayen fili na kullum ba madadinsa ba.

Inda na ga fitilun sun biya kuɗinsu shi ne wajen gololi. Mukan jera su a ƙasa gaban raga, wadda ta kama gola ya faɗa ya taɓa ya tashi, wannan ya gyara musu saurin ƙafa da tashi daga ƙasa sosai, kuma da yake waya na rubuta lokaci ba mai iya ha'inci. Haka yaron da ya dawo daga targaɗe, suna taimakawa wajen dawo masa da juyi da birki a hankali ba tare da an haɗa shi da kowa ba. Ɗumama jiki ma yanzu ba sai na yi ta faɗa ba, da gudu suke zuwa. Amma ko a golan, ranar fanareti ba fitila ce za ta cece shi ba, daga mita 11 bal mai ƙarfi ba ta kai rabin sakan ta iso raga, in ka jira ka ga inda ta nufa ka makara. Shi ya sa golan Jamus Jens Lehmann a gasar duniya ta 2006 a Balin ya dinga zaro takarda daga safarsa yana duba inda 'yan Ajantina suka saba bugawa, ya tare na Ayala da na Cambiasso. Namu Stanley Nwabali kuma a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a Bouaké, watan Fabrairun 2024, ya tare wa Afirka ta Kudu biyu, na Mokoena da na Makgopa, kuma mutum ne da a lokacin a ƙasarsu yake buga lig da Chippa United, irin bugunsu ba baƙo ba ne a wajensa.

Akwai dabara ɗaya da na ƙirƙiro da fitilun wadda ta fi duk abin da ke cikin manhajar amfani a wajena. Ina ajiye biyu a bayan yaron da za a ba wa fas, can gefe da gefe, dole sai ya waiga ya ga wacce ta kama kafin bal ta iso, in kore ce ya juya ya tafi da ita, in ja ce ya mayar da taɓawa ɗaya. Wannan yana koya masa waige, kuma waige abu ne da aka auna, wani mai bincike Geir Jordet ɗan ƙasar Nowe ya bi 'yan wasan Firimiya da kyamara ya ga waɗanda suka fi yawan leƙa bayansu kafin su karɓi bal su ne suka fi cika fas, musamman fas na gaba, irin su Lampard da Gerrard suna sama a jerin. Sai dai maganar gaskiya ko wannan ɗin za ka iya yinsa da yaro ɗaya a tsaye a baya yana ɗaga riga ja ko kore, kuma in ka sa mutum na gaske ya dinga matsowa ko ja da baya ma ya fi, tunda shi ne abin da zai gani ranar wasa.

Abin da ya fi ɗaga min yaran a 'yan watannin nan ba a kwali ya zo ba. Ina sauke guntayen wasanni a waya, mu zauna a inuwa bayan atisaye su kewaye ni, in kunna, daidai lokacin da bal za ta isa ƙafar ɗan tsakiya sai in danna tsayawa in nuna yaro ɗaya in ce yi maza, ina za ka kai ta? Ba na ba shi damar dogon tunani, ya faɗa, sannan mu saki mu ga abin da ɗan wasan ya yi, sai gardama ta kaure, "Koci wallahi da ya ba na gefen nan da an ci", wani ya ce ai satar gida ce, in mayar baya mu sake kallo. Na sa musu ƙwallon farko da Ahmed Musa ya ci Iceland a 2018, na tsayar tun Victor Moses na gudu a dama kafin ya bugo, na ce ku kalli inda Musa yake da inda 'yan baya suke kallo, siririn nan nawa shi ya fara cewa zai tarbe ta ne ya buga kafin su juyo. Sai kuma wasan ƙaramin fili, uku da uku, huɗu da huɗu, taɓawa biyu, inda yaro zai gamu da matsi sau da yawa a cikin minti goma fiye da yadda zai gamu da shi a cikakken wasa. Lamba takwas ɗin nan nawa mai lissafi, a nan ne ya fara sakin bal da wuri, ba a kan fitila ba.

In maki zan bayar, uku cikin biyar. In kana da makarantar ƙwallo mai ɗan ƙarfi, kana da ƙwallaye isassu da riguna da raga, kuma kana da gololi da kake so ka matsa musu, saya, za ka ji daɗinsu, amma ka tambayi mai sayarwa tun kafin ka biya ko manhajar na buɗewa gaba ɗaya ba tare da kuɗin wata ba, ka kuma gwada hasken a waje da rana ba a cikin shago ba, sannan ka tabbatar mazaunin cajin na cikin kwalin domin wasu daban suke sayar da shi. In kuwa irin ƙungiyarmu ce ta unguwa da yara ashirin ke layi a kan bal biyu, dan Allah ka kai kuɗin wajen ƙwallaye tukuna, ragowar ka sa data ka sauke musu wasanni.